Amsa ga 'yata a kan gwarancin ɗan fari

'Yata, tambayarki ta ba ni dariya, daga baya kuma ta hana ni barci. Kin ce ma'aikaciyar asibiti ta umarce ki da ki riƙa amsa wa jaririnki duk lokacin da ya yi gwaranci, surukarki kuwa ta ce rashin kunya ne uwa ta tanka wa ɗan fari, shi ne kike son Gwaggonki ta raba gardama.

Lokacin da na haifi yayanki, ko sunansa ba na faɗa, balle in yi masa wasa a gaban mutane. Ina tuna wata safiya a lokacin kaka, yana da wata 8 a duniya, ina surfen gero a tsakar gida, shi kuma yana zaune a kan tabarma kusa da uwar mijina. Sai kawai ya ɗaga kai ya ce "da-da-da" da ƙarfi. Taɓarya ta kusa suɓuce mini don murna, amma na sunkuyar da kai kamar ban ji ba. Tsohuwa kuwa ta ajiye mazarinta, ta matso har goshinsu ya kusa haɗuwa, ta ce: "Na'am maigidana, yau ma ba ka kawo cefane ba?" Ta yi shiru tana jiransa. Ya sake, ta sake, suka kai hantsi suna wannan hira, har zaren da take kaɗi ya warware a ƙasa kaji suka yi ta ja. Abin da take yawan faɗa mana shi ne da rarrafe yaro kan tashi, kuma harshe ma yana da nasa rarrafen.

Na daɗe kafin na gane hikimarta. Jariri yakan fara wannan maimaici tsakanin wata 6 da 10, yana gwada leɓe da harshe, yana kuma sauraron abin da za a mayar masa, kafin kalmar farko ta fito wajen cikar shekara. Ki duba Baba da Dada da Kaka da Nana, ai duk daga bakinsu muka tsinto. Shi ya sa tsofaffi kan tafa hannu a bayan yaron da ya yi shiru da yawa, domin wanda ba ya ji gwarancinsa yakan yi jinkiri.

Mu da muka yi kunya muna da kaka da kishiya da facala da 'yar raino, ba a taɓa barin maganar yaro ta faɗi ƙasa. Ku kuwa kun kulle kanku a gidan haya, daga ke sai shi sai waya a hannunki, wadda na lura ita kike amsa wa da sauri. Ni kaina, kada ki faɗa wa kowa, idan dare ya yi na saki labule, nakan mayar wa yayanki da "da-da" ɗinsa a hankali, kuma har ta rasu ina zargin tsohuwar tana jina.