Hoton ƙirjinsa bai nuna komai ba, amma haki yake yi: mu nemi hoton nukiliya?

Tambaya: Likita, yayana yana ɗauke da cutar ƙanjamau, ya yi watanni da barin shan magani. Sati uku ke nan yana busasshen tari da zazzaɓi, ko banɗaki ya je sai ya dawo yana haki. An yi hoton ƙirji, aka ce lafiya lau. Na ji akwai hoton nukiliya mai gano ciwon huhu. Mu nema?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Hoton da kike nufi na sinadarin galiyom-67 ne. Ana yin allurarsa a jijiya, ya bi jini ya taru a duk inda jiki ke faɗa da cuta, sai a ɗauki hoto da kyamara ta musamman bayan awa 48 zuwa 72. Ya yi amfani ƙwarai a shekarun 1980, lokacin da ciwon huhu na PCP ke kashe masu ƙanjamau a Amurka da Turai. Wata ƙwaya ce dangin fumfuna ke kawo shi, kuma ta fi kama wanda sojojin jikinsa na CD4 suka gaza 200. A farkon ciwon hoton ƙirji kan fita fes, amma galiyom sai ya haska huhun biyu gaba ɗaya. Yana kuma taimakawa ta wata fuskar: kansar Kaposi, wadda kan kama masu ƙanjamau har ta shiga huhu, ba ta shan galiyom, tarin fuka kuwa yakan haska kaluluwar tsakiyar ƙirji.

To, amma hoton wurin ciwo kawai yake nunawa, ba ya faɗin sunan ƙwayar. PCP da tarin fuka da kumburin da wasu magunguna ke jawowa duk suna iya haskawa. Ga jiran kwana biyu ko uku, wanda mai haki irin na yayanki ba shi da shi. Shi ya sa yau aka fi komawa ga hoton CT da gwajin kaki. A Najeriya ma asibitoci ƙalilan ne ke da sashen nukiliya, irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan (UCH) da Asibitin Ƙasa na Abuja.

Abin da ya tayar min da hankali a wasiƙarki shi ne hakin nan. Don Allah ku mai da shi asibiti yau. A auna iskar jininsa da ɗan na'urar yatsa, yana zaune da kuma bayan ya ɗan taka. Idan iskar ta yi ƙasa, alama ce babba. A duba CD4, a yi gwajin kaki na GeneXpert mai gano tarin fuka, domin a ƙasashenmu tarin fuka ne kan gaba wajen kashe masu wannan cuta. Idan likita ya yi zargin PCP, yakan fara Septrin mai ƙarfi na kwana 21 nan take, ya haɗa da maganin rage kumburi na prednisolone in iskar ta yi ƙasa. Kada ku sayo da kanku, adadin ya sha bamban da na Septrin ɗin da ake ba masu ƙanjamau don rigakafi. Ku kuma gaya wa likitan gaskiyar ranar da ya daina shan maganinsa.