Inda za ka huda bututu kafin ka auna iskar fanka

Yarona, ka ce jiya ka auna matsin iskar fankar babban esin nan, wato na'urar sanyaya ɗaki, har sau uku, kowane awo da tasa lambar, shi ya sa kake zargin manomita, na'urar auna matsin iska, ta lalace. Lafiyarta ƙalau. Na ga ramin da ka huda a bututun iska, daf da bakin fanka yake.

Iskar da ta fito daga bakin fanka a hautsine take, tana juyi kamar ruwan gulbi a kwana, don haka lamba ba za ta tsaya maka a nan ba. Ka matsa inda bututu ya miƙe, nesa da gwiwa, tazarar faɗin bututun sau 3 ko fiye in wuri ya bari. Rami biyu za ka huda, ɗaya ta inda fanka take zuƙa, ɗaya ta inda take hurawa. Na zuƙa zai ba ka lamba ƙasa da sifili, na hurawa sama da sifili. Haɗa su ake yi, ba a debewa: in ka samu faskal (ma'aunin matsi) 120 can, 180 nan, fankar 300 take ɗauke da shi.

Sai riƙon tiyon da ke haɗa ramin da manomita, inda yara da yawa suke ɓata awo. Bakin tiyo ya tsaya daidai da bangon bututu, iska tana wucewa ta gefensa. Da zarar ya fuskanci iskar, ka haɗa da ƙarfin gudunta, lamba ta kumbura. Ka kuma goge kaifin ramin, ka mayar da manomita sifili kafin ka jona.

In har yanzu zuciyarka ba ta kwanta ba, ka lanƙwasa farin tiyo kamar harafin U, ka zuba ruwa rabi, ka ɗaure shi jikin rula, ka jona bakinsa ɗaya a ramin. Milimita 1 na bambancin saman ruwan biyu kusan faskal 10 ne. Da shi na koyi aikin nan, har yau ina gwada sabuwar na'ura da shi.

Ka kuma duba wutar da fanka take ci. In janareta ya sauka daga 50 Hz (ma'aunin saurin juyin wuta) zuwa 45, matsi zai faɗi da kusan kashi 19 cikin 100, alhali fanka ba ta da laifi. Ga ƙurar hunturu tana toshe filta, lambar gefen zuƙa ta hau. Gobe bayan azahar, in Allah ya kai mu, mu koma tare. Ka zo da tiyo mita 2, da rula, da abin toshe ramin jiya.