Likita, wace lamba ce wannan a takardata?

Tambayoyin wannan makon kusan duk sun zo kan abu ɗaya ne, zafin da ke taso wa mata lokacin ɗaukewar al'ada, da kuma yadda ake rubuta shi a fayil ɗin asibiti.

Tambaya: Slm likita, shekarata 49, al'ada ta daina zuwa min wajen shekara ɗaya da rabi, zafi yana taso min daga ƙirji zuwa fuska har in jiƙe sharkaf. Da na je asibiti sai na ga an rubuta N95.1 a takardar inshora, wlh tun ranar ban yi barci ba, ko wata muguwar cuta ce ake ɓoye min?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ba wanda ya ɓoye miki komai. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da wani kundi da ake kira ICD-10, an ba kowace cuta da kowace damuwa lambarta domin asibitoci da kamfanonin inshora su riƙa magana da baki ɗaya. N95.1 ɗin nan ita ce lambar damuwoyin ɗaukewar al'ada, zafin nan da rashin barci da ciwon kai da rashin nutsuwa, shi ke nan fa. Abin da ke faruwa shi ne sinadarin istirojin, wanda ƙwayayen haihuwar mace ke samarwa, ya ragu, sai sashen ƙwaƙwalwa da ke daidaita zafin jiki ya riƙa firgita da ɗan ƙaramin canji, ya buɗe jijiyoyin fata ya saki zufa kamar ana dafa ki. Yawanci minti 1 zuwa 5 ne ya lafa. Kuma shekarunki daidai lokacin ne, mafi yawan mata tsakanin 45 da 55 abin yake zuwa.

Tambaya: Likita ni ma'aikacin rekod ne, sau da yawa likita zai rubuta "tana jin zafi da zufa" kawai ya rufe fayil. N95.1 zan sa ko R23.2?

Amsa: Ɗan'uwa ka taɓo min inda ke min ƙaiƙayi, kuma gaskiya laifin namu ne mu likitoci. R23.2 lambar alama ce kawai, wato fuska ko jiki ya ɗau zafi ba a faɗi dalili ba, ko namiji ma za a iya sa masa. Kai kuma ba ka da hurumin ka duba shekarun mace ka ga 50 ka ce ai ɗaukewar al'ada ce, dole likitan da ya duba ta ya rubuta da hannunsa cewa zafin saboda ɗaukewar al'ada ne, in bai rubuta ba ka mayar masa da fayil ɗin ya gyara ko da zai ɗaure fuska. Sannan ka san wane kundi kuke bi, don a na Hukumar Lafiya ta Duniya in dai ɗaukewar al'ada ce to N95.1 ce ba R23.2 ba, amma a wanda Amurka ta koma kai tun 1 ga Oktoba 2015, wato ICD-10-CM, ana fara sa N95.1 sannan a ƙara R23.2 a bayanta. A shi na Amurkan akwai Z78.0, ta matar da al'ada ta ɗauke amma ba abin da ke damunta, ba a haɗa ta da N95.1 saboda sun saɓa wa juna. Ni dai abin da nake so in gani a fayil shi ne yaushe ta ga jinin ƙarshe, sau nawa zafin ke zuwa a rana, yana tashinta daga barci ko a'a, wane magani take sha. Layi huɗu ne, amma su ne hujja ranar da inshora ta ce me ya sa aka ba ta maganin homon, wato maganin da ke maye gurbin istirojin ɗin da ya ragu.

Tambaya: An cire min mahaifa da ƙwayayen haihuwa duka biyun ina da shekara 38, bayan 'yan kwanaki zafin ya fara. Nawa daban ne?

Amsa: Daban ne 'yar'uwa, kuma sau da yawa ya fi tsanani don istirojin ɗin faɗuwa ya yi lokaci guda ba a hankali ba. Lambarki ma daban ce, N95.3 a kundin duniya, E89.41 a na Amurka. Ki tabbatar an rubuta ranar tiyatar da abin da aka cire, saboda mai shekarunki ana duba batun ƙashi da zuciya, kuma in babu abin da ya hana ana ba ta homon har ta kai shekarun da al'ada ke ɗaukewa da kanta. Ki koma wa likitanki kan wannan, kar ki ce za ki daure.

Tambaya: Mamata ce take zufa da daddare har a canza zanin gado, kuma tana rama. Ɗaukewar al'ada ce?

Amsa: Wannan ramar ce ba ta kwanta min ba. Zufar dare da rama, balle in akwai tari ko zazzaɓi, sai an duba tarin fuka, a kuma gwada maƙoƙo, wato thyroid da ke wuya, don in ya yi aiki fiye da kima yana kawo zufa da bugun zuciya da rama. Wasu magunguna ma suna kawo zafin, kamar tamoxifen na masu sankarar mama. Shi ya sa ba na son a yi saurin manna wa kowace mace N95.1, da zarar ta shiga fayil likitan gaba zai gani ya ce ai an riga an gano. Ki kai Mama asibiti cikin makon nan, ki tafi da duk magungunan da take sha a leda, in kuma ta taɓa ganin jini bayan al'ada ta ɗauke ki faɗa musu tun kafin su tambaya.