Jariri ya yi shawara, kaka ta ce a ba shi jiƙo

Tambaya: Likita, ni AS ce, wanda zan aura ma AS ne. An ce in mun haifi huɗu, ɗaya ne kawai zai zo da sikila?

Amsa: Ba haka lissafin yake ba. Kowane ciki da nasa kashi 25 cikin 100, ana iya samun biyu ko uku a jere. Ku ga likita tare kafin a sa rana.

Tambaya: Ɗana mai sikila kullum jininsa a ƙasa yake. In sayo masa maganin ƙarin jini a kemis?

Amsa: A'a. Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya sukan yi kwana 120, nasa kuwa 10 zuwa 20 sun fashe. Folik asid ake ba shi, ayon (sinadarin ƙarfe da ake sawa a maganin ƙarin jini) kuma sai likita ya gwada.

Tambaya: Jaririna kwanansa uku, idonsa ya yi ruwan ɗorawa. Surukata ta ce a shanya shi a hantsi, a ɗura masa jiƙo.

Amsa: 'Yar'uwa, yau za ki kai shi asibiti, kada ki jira suna. Wallahi maganar jiƙon nan tana ci mini rai. Hantar da ba ta yi ƙwari ba, ita za a ƙara wa aiki da saiwar da ba a san ƙarfinta ba?

In jajayen ƙwayoyin jini suka fashe, suna sakin sinadarin bilirubin, shi ne launin da kike gani, hanta ce kuma ke fitar da shi daga jini. Jarirai da yawa sukan yi kaɗan ya wuce, amma ido ba ya aunawa, sai gwaji. In ya yi yawa yakan taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya tashi kurma ko da shanyewar jiki, wani ma a rasa shi.

Duba akwatin kayansa. Akwai kafur? Yara da yawa a ƙasarmu, musamman maza, suna gadon ƙarancin sinadarin G6PD mai kare jajayen ƙwayoyin jini, kuma ƙamshin kafur a jikin riga ya isa ya farfasa jininsu. Ƙunshin lalle ma haka. Wani lokaci kuma rukunin jinin uwa ne ya saɓa da na ɗa.

Hantsi ba ya maye gurbin shuɗiyar fitilar asibiti. In abin ya yi nisa, musanya jini ake yi. Ci gaba da ba shi nono a kai a kai. In ya ƙi kamawa, ko barci ya yi yawa, ko ya sanƙare yana kuka mai tsini, ko tsakar dare ne ku tafi. Ki roƙi Hajiya ta raka ki, ta ji daga bakin likita.