Inda za ka ɗauki hoto a Istanbul

Ɗan'uwa, ka ce wannan ce fitarka ta farko daga Kaduna zuwa ƙasar waje, Istanbul za ka je, kana neman wuraren da hoto zai yi kyau. Allah Ya kai ka lafiya.

Kowa zai tura ka Masallacin Sultan Ahmed mai hasumiya 6, da Masallacin Aya Sofiya da ke fuskantarsa. Ka je, amma bayan sallar asuba. Da hantsi ya yi, cunkoson ya fi na Kasuwar Sheikh Gumi ana gobe Sallah, sai ka dawo da hotunan keyar mutane.

Ni dai wurin da ya fi kwanta mini a rai shi ne Masallacin Sulaimaniyya, wanda Mimar Sinan ya gina, aka kammala a 1557. A kan tudu yake. Daga harabarsa za ka hango ruwa da rufin gidajen birnin a ƙarƙashinka, kuma jama'a ba su kai na can yawa ba.

Bayan la'asar ka sayi Istanbulkart, katin biyan kuɗin sufuri na birnin, ka hau jirgin ruwa daga Eminönü zuwa Üsküdar, ɓangaren Asiya. Ka tsaya bakin ruwa har magariba, rana za ta faɗi a bayan hasumiyoyin tsohon gari.

Kada ka ɗaga waya kan sojoji ko 'yan sanda, kamar yadda ba za ka yi a ƙofar NDA, makarantar horar da hafsoshin soja, ba. Ɗan kasuwa kuma, musamman mata, ka nemi izini tukuna.