Tambaya da Amsa: Alƙalin da Ya Zama Shugaban Meksiko

Tambaya: Malam, barka da aiki. Malaminmu ya ce Benito Juarez ya hau mulkin Meksiko a 1858 ba da zaɓe ba, ba kuma da juyin mulki ba. To ta wace hanya?
Ɗalibar shari'a, Zariya

Amsa: Malama, malaminku ya yi daidai. Tsarin mulkin 1857 ya tanadi cewa idan babu shugaban ƙasa, shugaban Kotun Ƙoli ne zai riƙe kujerar. Juarez ke kan wannan muƙami lokacin da Shugaba Comonfort ya mara wa sojojin da suka yi fatali da tsarin mulkin baya, har ya sa aka tsare shi. Da lamarin ya ƙi ci, Comonfort ya sake shi ya bar ƙasar, Juarez kuwa ya ce shi doka ta ba wa mulki. Sai da aka yi yaƙin basasa na shekara uku kafin ya shiga babban birni a 1861.

Mutumin nan fa ɗan ƙabilar Zapotek ne, maraya, yana kiwon tumakin baffansa. Yana ɗan shekara 12 ya taka zuwa birnin Oaxaca, ko Sifaniyanci bai iya ba. Ya zama lauya a 1834, sannan alƙali, sannan gwamna a 1847. Tunda shari'a kike karantawa, ki nemi dokar da ya fitar a 1855 yana ministan shari'a. A da, hafsan soja ko limamin coci ko bashi ya ci, kotun 'yan'uwansa ake kai shi. Dokar ta ƙwace wa waɗannan kotuna shari'o'in farar hula. Daga nan manyan soja da coci suka ɗora masa karan tsana.

Amma akwai inda nake tsaya masa, kuma masu yabonsa kan tsallake wurin. Wa'adinsa ya ƙare a ƙarshen 1865, sojojin Faransa na mamaye da ƙasar, shi kuma yana can bakin iyakar Amurka. Shugaban Kotun Ƙoli na lokacin, Janar Gonzalez Ortega, ya ce yanzu layinsa ne, bisa tanadin da ya ɗora Juarez ɗin. Sai Juarez ya fitar da doka ya tsawaita wa kansa wa'adi, wai sai yaƙi ya ƙare. Uzurin yana da ƙarfi, ban musa ba, ba a zaɓe cikin harsashi. Sai dai da Ortega ya dawo ƙasar yana neman kujerar, kama shi aka yi aka kulle a farkon 1867.