Idan Fata Ta Ɗau Zafi Tana Saɓa, Ba Aikin Kemis Ba Ne

Ka tambaye ni dalilin da na hana ka miƙa wa dattijon nan Dermovate, man shafawar nan mai ƙarfi na ciwon fata, alhali jikinsa duk ya ɗau zafi, fata tana zuba kamar dusa. To saurara, ɗana.

Kirci ko makero a wuri ɗaya, wannan namu ne. Amma idan ciwon ya mamaye kashi 90 cikin 100 na jiki, likitoci suna ce masa eritirodama, kuma ya wuce man shafawa. A baƙar fata ba lallai ka ga ja ba. Duhu za ta ƙara, ko ta yi toka-toka, ta yi kauri. Sai mutum ya yi ta rawar ɗari tsakar rana a watan Afrilu, domin fatar ta daina riƙe ɗumin jiki. Ruwa da sinadarin gina jiki suna salwanta, ƙafafu su kumbura, zuciya ta jigata, ƙwayoyin cuta su bi tsagewar fata su shiga jini. Wallahi yana kisa, musamman tsofaffi.

Tambayar farko da za ka yi: wane sabon magani ya fara sha a makonnin baya? Septrin mai kashe ƙwayoyin cuta da Fansidar na zazzaɓin cizon sauro suna iya jawo ciwon. Haka magungunan farfaɗiya irin su carbamazepine da phenytoin, da allopurinol na ciwon gaɓoɓi, da nevirapine na ƙanjamau, da na tarin fuka. Wasunsu daga kantuna irin namu suke fita, wannan kuwa yana damuna. Tambayi jiƙe-jiƙen gargajiya ma, don ba za a faɗa maka ba sai ka tambaya.

Wani kuma tsohon kirci ne ko soriyasis, wato ciwon da ke sa fata ta yi kauri da ɓawo, ya bazu. Mai soriyasis da aka ɗora a kan magungunan rage kumburi irin su prednisolone ko dexa, ya bari farat ɗaya, sai ciwon ya dawo ya rufe jiki. Akwai ƙazwa mai ɓawo ga wanda ƙanjamau ya raunana. A tsoho mai kaluluwa, ana zargin kansar fata, sai an yanki fata an auna.

Naka aikin kaɗan ne. A shafa masa basilin, a lulluɓe shi, ya sha ruwa. A tattara duk kwalayen maganin da yake sha a leda, a tafi babban asibiti yau, ba gobe ba. Kada kai ka ce ya tsayar da maganin farfaɗiya da kanka, likita ne zai canza masa. In ka ga gyambo a baki ko idanu, nemo musu mota nan take.